Motar da Na Kushe da Bakina

Shekara goma sha tara ina tuƙa Dattijuwa. Babbar mota ce mai taya goma, shuɗiya, ko dai in ce a da shuɗiya ce, don yanzu in ka tambaye ni launinta sai na tsaya na yi tunani. Siminti, katako, buhunan taki, kwalayen sabulu, babu abin da ban ɗora mata ba. Ba tawa ba ce, ta Maigida ce, Allah ya jiƙansa. Bayan rasuwarsa ɗansa ya hau kujerar ofis, ya kwana uku yana juya takardu, sannan ya aika a kira ni.

"Baba Direba, ni harkar mota ba ta dame ni ba, sayar da ita zan yi," in ji shi. "Kai ka fi kowa cancanta, shi ya sa na fara da kai. In ka kawo kuɗi kafin ƙarshen wata, taka ce. In ba ka kawo ba, don Allah kada ka ga laifina."

Yaron da nake ɗorawa a cinya yana danna mini hon, yau shi ke ba ni wa'adi! Ya faɗi kuɗin. Na ce ya sake faɗa, ya sake. Na ɗauki hulata na fito.

Shekarata hamsin da bakwai. Babu kamfanin da zai ɗauki direba mai furfura, sun fi son yaran nan masu gudu kamar an koro su. In Dattijuwa ta tafi, ni ma na tafi, sai zaman ƙofar gida da sauraron rediyo. In kuwa ta zama tawa, na zama mai mota, in yi lodina, in sauke kayana, ba mai kirana a waya yana tambayar ina na tsaya. Abin da muka tara ni da matata, da wanda ƙanenta ya ƙara mana, duka-duka ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin. Ita ce ta jiyo labarin wani ofis da ke tallafa wa masu son kafa ƙaramar sana'a.

Hawa na uku ofishin yake. Ka shiga wata na'ura ta tofo maka lamba, ka zauna a kujerun ƙarfe da aka haɗa su bakwai-bakwai, sanyi yana dukan ƙeyarka. Na je taga ta biyu aka ce ta biyar. Ta biyar ta ce ai ba a fara da ita, sai na dawo daga ta ɗaya. Ta ɗaya kuma a rufe, an jingina kwali an rubuta wani abu. Sai wajen azahar na samu kaina a gaban wata mata mai tabarau, wadda ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba.

Ta miƙo mini fom mai shafi goma sha ɗaya.

"Baba, a nan za ka rubuta sunan kamfaninka."

"Ba ni da kamfani, 'yata. Mota nake nema."

"Sai da kamfani ake ba da mota."

"To kamfanin me zan buɗe ba mota?"

"Na sufuri mana."

Na dube ta, ta dube ni. Wallahi ba wasa a fuskarta. Ta ce kuma in kawo wasiƙa daga wanda zai riƙa ba ni kaya. Na sauka na tafi sito wurin manajan da na shekara goma ina ɗaukar masa siminti, ya ce da gudu zai ba ni wasiƙa, in dai na nuna masa takardun mota da sunana. Na koma na gaya mata, ta ce ba za a sa sunana a takardun mota ba sai da wasiƙar. Kai jama'a! Hawa da sauka na yi ta yi a benen nan har maigadi ya daina tambayata inda za ni. Ƙanen matata ne ya warware wannan, ya rubuta wata wasiƙa da ke cewa manaja yana da niyyar ba ni kaya idan Allah ya sa na samu motar da nake da niyyar samu. Manaja ya sa hannu, Mai Tabarau ta karɓa ta buga hatimi. Har yau ban gane abin da ya bambanta ta da wadda suka ƙi ba.

Akwai shafin da aka ce in faɗi abin da zan samu nan da shekara biyar. Ni da ban san abin da tayar baya za ta yi gobe ba! Na ce ta rubuta alheri. Ta ce lamba ake so.

Daga ƙarshe dai ta yi mini bayani yadda zan gane. Su za su sayi motar, in kawo kasona, sauran in riƙa biya wata-wata. Amma sai ƙwararrensu ya duba ta, ya tabbatar za ta ƙara shekara huɗu tana aiki.

"Shekara huɗu?" na ce. "Haba 'yata, ai kin raina ta. Motar nan ko tari ba ta yi. Sau ɗaya ake murɗa mata makulli. Ta hau tudun da sababbi ke tsayawa suna haki."

"To madalla. Za mu turo shi."

"Yaushe?"

"Za a sanar da kai."

Na sauko ina jin kaina mai mota. Ina isa garejin Sifana, inda Dattijuwa ke kwana, sai na hango an manna mata takarda a gilashi, wai ta sayarwa ce, ga lambar wayar ɗan Maigida a ƙasa. Ashe wa'adin da ya ba ni bai hana shi neman wani ba.

Sifana bakanike ne, abokina tun muna samari, kuma duk wata ƙusa da noti da ke jikin motar nan ya san hannunsa. Ya fito daga ƙarƙashin wata tifa yana goge hannu da tsumma.

"Kai wawan ina ne?" in ji shi. "Wannan har abin tashin hankali ne? Duk wanda ya zo saye, wa zai tambaya?"

"Direba."

"Wane ne direba?"

"Ni."

"To kushe ta! Ka kashe mata kasuwa. In uku suka gudu, yaron nan da kansa zai rage maka kuɗi."

Na ce ni ban iya ƙarya ba. Ya ce wa ya ce in yi ƙarya? Motar da ta shekara ashirin da wani abu a titi, ai gaskiyarta ma ta isa ta kori mutum.

Na farko da ya zo wani mai tumbi ne, da makullai cike da hannu. Na gaya masa lagiretonta, tankin da ke sanyaya inji, yana shan ruwa kamar raƙumi, wanda kuwa haka ne. Ya leƙa, ya taɓe baki, ya shiga motarsa. Washegari samari biyu suka zo, wai sun haɗa jari. Na tayar da ita da sanyin safiya na ce su je su tsaya ta wajen salansa. Ta yi musu aman baƙin hayaƙin da take yi kullum kafin ta ɗumama, suka tafi suna tari suna zagin juna. Na uku ko sauka daga motarsa bai yi ba, ta taga na gama da shi.

To a nan kaina ya fara kullewa. Da safe ina hawa na uku, don kullum akwai takardar da ta rage, ina rantse wa Mai Tabarau cewa babu mota irin Dattijuwa. Da yamma ina gareji ina rantse wa wani cewa gawa ce da taya. Kuma abin da ya fi ɗaure mini kai, duka biyun ba inda na yi ƙarya. Rannan ina cin abinci matata ta zauna ta zuba mini ido.

"Malam, wai don Allah motar nan lafiyayya ce ko matacciya? Duk abin da muka mallaka fa za mu zuba."

Na ce, "Wa ke tambaya?"

"Kamar yaya wa ke tambaya? Ni ce, matarka!"

Na ce ta bari in gama cin abinci tukuna. Ta ja tsaki ta tashi.

Ranar Laraba da hantsi, saura kwana shida wata ya ƙare, wani dattijo ya shigo gareji a kan babur duk ya sha ɗauri da waya. Rigar aiki ce a jikinsa, ta koɗe, aljihun ya yage, ga tocila a rataye a wuya. Ya yi sallama a gajarce.

"Ita ce motar da ake sayarwa?"

Na ce ita ce. Bai ƙara tambayata komai ba. Ya zaro kwali daga bayan babur ya shimfiɗa, ya kwanta ya shige ƙarƙashinta. Muna jin yana ƙwanƙwasa nan, yana ƙwanƙwasa can. Ya fito ya ce in tayar. Ya kara dogon sukudireba a jikin inji, ya sa kunne a ƙotar, ya lumshe ido. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa ya shinshina.

Sifana ya matso ya raɗa mini, "Wannan ba irin waɗancan ba ne, ya san mota. In ka yi sake, yau zai ɗauke ta."

Dattijon ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "An riƙe ta da amana," in ji shi. "Rabon da in ji inji mai shekarunta yana numfashi haka, na manta. Wa ke tuƙa ta?"

Wallahi wani daɗi ya kama ni har ƙwalla ta taru mini. Shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa faɗa mini haka, har Maigida. Sai kuma tsoro ya biyo baya, don na ga mutumin nan ya ƙyasa. Na kawo masa zancen lagireto, ya ce wannan aikin yini ɗaya ne. Na kawo hayaƙi, ya yi dariya ya ce shi ma da safe sai ya yi tari. Duk abin da na jefa sai ya cafe. Sifana yana bayansa yana zare mini ido.

Akwai abu ɗaya da ni da Sifana kaɗai muka sani. Shekara tara da suka wuce na faɗa wani rami da lodin siminti, shasi ya tsage a bayan tankin mai. Shasi kuwa shi ne ƙashin bayan mota, in aka ce ya taɓu, magana ta ƙare. Sifana ya yi masa walda, ya ɗora ƙarfe ciki da waje, muka shafe da fenti, laka ta rufe sauran. Ko Maigida bai sani ba har ya koma ga Allah. Tun daga ranar wurin bai ko motsa ba.

"Malam, zo ka gani," na ce.

Ni na karɓi tocilarsa. Ni na kwanta a kwalinsa, na kankare lakar da sukudirebansa, na haska masa. Ya daɗe yana kallo. Ya shafa waldar da yatsa daga farko har ƙarshe, sannan ya juyo ya dube ni, muna kwance kafaɗa da kafaɗa.

"Kai ne direban da ka shekara goma sha tara da ita?"

Na ce ni ne. Ban ko tsaya na tambayi kaina inda ya san shekarun ba.

"Kuma kai kake nuna mini wannan?"

"Tsakani da Allah nake gaya maka, kada ka yi asara."

"To in kai ne, za ka saye ta?"

"Ni? Ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ya ciro waya ya ɗauki hoton wurin. Ya fito ya yi rubutu a wani ɗan littafi, ya naɗe kwalinsa, ya sake dubana kamar zai yi magana, sai ya girgiza kai ya buga babur. Sifana ya daki bayana ya ce yau na cika ɗan kasuwa. Har shayi ya aika aka kawo mana.

Ranar Juma'a na hau hawa na uku don in ji yaushe ƙwararren nan zai zo, kwanaki suna tafiya. Mai Tabarau ta cire tabaran ta ajiye, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Ai ya je, Baba. Shekaranjiya. Mun tura maka saƙo a waya tun ranar Litinin."

Na zaro wayar. Ni ba na buɗe saƙo, tallace-tallace ne kullum, sun fi ɗari huɗu a jibge. Ta karɓa ta lalubo, ta nuna mini. Ga shi nan kuwa, Laraba, ƙarfe goma.

"Ba wanda ya zo ranar Laraba sai wani tsoho mai babur," na ce. Ina rufe baki na gane ko wane ne.

Ta juyo da takardar ta karanta mini. Inji lafiya. Giya lafiya. Birki lafiya. Shasi ya taɓa tsagewa, ga hoto. Sai layin ƙarshe: direban da ya fi kowa saninta, wanda kuma shi ne mai neman tallafin, ya ce ko kyauta aka ba shi sai ya yi shawara.

"'Yata, wasa nake yi! Na ɗauka mai saye ne."

"Ai mai saye ne, Baba. Mu ne masu sayen."

"A'a, ina nufin mai sayen da zai saya ya hana ni saye."

"To wanne ne gaskiya, abin da ka gaya mana ko abin da ka gaya masa?"

"Duka biyun."

"Tsagewar tana nan?"

"Tana nan, amma ba ta nan. An gyara."

Ta dafe goshi. Ta ce dokarsu ba ta yarda su sayi motar da shasinta ya taɓu ba, ko waldar zinariya aka yi masa. In na samo wata wadda ba ta wuce shekara goma ba, fom ɗina yana nan. Irin wannan motar kuwa, abin da muka tara ko tayoyinta ba zai saya ba. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, na ce wane irin ofis ne wannan da zai turo ƙwararre ba taye a wuya ba jaka a hannu, a kan babur kamar mai gyaran famfo? Mutanen kujerun ƙarfe duk suka juyo. Ta bari na gama, ta danna lamba ta gaba.

A matakala na ci karo da shi yana hawowa, da tocilarsa a wuya. Na tare hanya.

"Malam, me ya sa ba ka gaya mini ko kai wane ne ba?"

"Na ɗauka ka sani, ai an ce an sanar da kai." Ya jingina da bango yana mai da numfashi. "Waldar nan ta fi ƙarfen asali ƙarfi, za ta ƙara shekara goma. Kuma da ba ka kankare ba, ni ban gan ta ba. Amma ka nuna mini, ba zan ce ban gani ba. Sau biyu fa na tambaye ka, ɗan'uwa."

Na matsa masa ya wuce.

Da na koma gareji Sifana ya ce ai laifina ne, wa ya ce in kai har shasi? Na ɗauki jak zan jefe shi, nauyi ya hana ni. A gida kuwa matata ba ta yi faɗa ba, wanda da ta yi ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi in je in roƙi yaron.

Na je ranar ƙarshen wata. Na ce ya karɓi kason da ke hannuna, sauran in riƙa biyansa kai tsaye, ba ofis ba fom. Ya saurare ni har na gama yana wasa da biro.

"Baba Direba, magada suna jirana, kowa so yake a ba shi nasa a hannu. Kuma motar nan ta ƙi sayuwa. Sau uku masu saye suna zuwa suna gudu, yanzu ko kiran waya babu. Duk tashar manyan motoci an ɗauka matacciya ce." Ya ɗago ido. "Ɗaya daga cikinsu ya ce mini direbanta ne da kansa ya gaya masa."

Na sunkuyar da kai. Kunya kamar in nutse a wurin.

"Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi mini tayi, ya fi abin da ke hannunka, kuma na karɓa. Gobe da safe ka kai musu ita. Ba ni da wani direban."

Da safe na wanke ta. Ban san dalili ba, na dai wanke ta har tayoyi, na goge madubai. Filin masu ƙarfen yana bayan gari, sai an haye doguwar gada. A kan gadar na tarar da wata sabuwar mota fara tana jan jiki da lodi, na ba ta hon, na fita na wuce ta, yaron da ke tuƙin ya bi ni da kallo. Hannuna yana kan sitiyari ina ta lissafin inda zan juya, na wuce mahaɗa uku ban juya ba.

Filin cike yake da kawunan motoci a jere a ƙasa, ƙofofi a tsaye, injina a kife. Can gefe mutum biyu suna yanka wata bas da wuta, tartsatsi yana tashi. Aka nuna mini sikeli na hau da ita. Mai filin, wani gajere mai safar hannu, ya zagayo ya tsaya a gaban inji. Ya karkata kai yana saurare, ya ɗora tafinsa a kan bonet, sannan ya ɗago ya ƙwala mini magana.

"Haba Baba! Wannan ai da ranta. Wane mara imanin ne ya ce a yanka wannan?"

Na ce, "Ni ne."

Bai ji ba saboda ƙarar inji. Ya ɗaga kafaɗa, ya yi mini alama da hannu in kashe. Na kashe.